Bill Finger: Ya Ɗinka Wa Batman Riga, Ya Mutu Ba Ko Sisi

Duk mai saro jakunkunan 'yan makaranta a kasuwar Malam Atta ko Nima ya kai Aflao ko Paga ya san hoton baƙin jemagen nan da yara ke kuka sai an saya masu. Tambarin Batman ne, jarumin littattafan zane na Amurka. Tun 2014 aka ware masa rana guda a shekara, wadda masoyansa ke bikinta ranar Asabar ta uku a watan Satumba. Mu dai yau wanda ya sha wahalar aikin za mu tuna.

An haifi Bill Finger a birnin Denver ranar 8 ga Fabrairu, 1914, ya tashi a unguwar Bronx ta New York. Yana sayar da takalma a kanti ya haɗu da mai zane Bob Kane a 1938, ya koma rubuta masa labarai.

Da Kane ya zano Batman, jar riga ya sa masa da sandararrun fukafukai. Finger ne ya ce a sauya su da alkyabba mai duhu da hular rufe fuska mai kunnuwa. Shi ya raɗa wa jarumin suna Bruce Wayne, ya kira birninsa Gotham, ya kuma rubuta labarin farko da ya fito a mujallar Detective Comics ta 27 a 1939.

Sai dai Kane ne kaɗai ya sa hannu a yarjejeniya da kamfanin, sunansa kaɗai ake bugawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Finger ya mutu shi kaɗai a ɗakinsa a Manhattan cikin Janairun 1974, cikin talauci. Shi kansa Kane ya amsa a littafinsa na 1989 cewa abokin nasa ya cancanci a ambace shi. Amma sai 2015 kamfanin DC ya fara sa sunansa, bayan fafutukar jikarsa da marubuci Marc Tyler Nobleman.

'Yan'uwa 'yan kasuwa, da yawanmu haɗa jari muke da baki kawai, sai a ce ai akwai amana. Alhali addini ma ya umarce mu da rubuta bashi. In za a haɗa hannu, a rubuta sunan kowa da rabonsa, a kafa shaidu, tun kafin riba ta shigo.