Marigayi Wendell Scott, Gwanin Tseren Mota

An haifi Wendell Scott a Danville, cikin Jihar Virginia ta Amurka, a shekarar 1921. Ya yi aikin makaniki a soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da ya komo gida sai ya shiga tseren motoci masu siffar na hawan yau da kullum, a zamanin da wariyar launin fata ta yi katutu a kudancin ƙasar. Ba shi da babban kamfani mai ɗaure masa gindi. Shi da 'ya'yansa ke gyaran motocin da yake tuƙawa.

Ran 1 ga Disamba, 1963, ya zo na ɗaya a Jacksonville, ya zama baƙar fata na farko da ya ci tsere a babban rukunin ƙungiyar NASCAR. Amma alƙalai suka ce wani Bature, Buck Baker, ne ya ci. Sai da jama'a suka watse sannan aka amince nasarar tasa ce, aka ba shi kuɗin, ban da kofi.

Mummunan haɗari a Talladega cikin 1973 ya karya sana'arsa. Ya rasu a 1990 bai riƙe kofinsa ba. Sai a 2021 NASCAR ta miƙa wa iyalinsa madadinsa.