Labarin Antoniyos Bamasare, Uban Ruhubanawa

An haifi Antoniyos wajen shekara ta 251 ta Miladiyya a wani ƙauye na ƙasar Masar da a ke kira Koma, watau fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi. Iyayensa mawadata ne, mabiyan Annabi Isa. Yana da kamar shekara 20 suka rasu, suka bar masa gonaki wajen eka 200 da ƙanwa guda. Wata rana a majami'a ya ji an karanta wa'azin rabuwa da dukiya. Sai ya bar wa mutanen ƙauyensu gonakin, ya sayar da sauran kaya ya ba matalauta, ya damƙa ƙanwarsa hannun waɗansu mata masu ibada.

Bai yi gaggawar shiga daji ba. Da fari ya yi almajiranci wurin dattawa masu gudun duniya, ya koyi haƙuri wurin wannan, azumi wurin wancan. Sa'an nan ya ƙetare Kogin Nilu, ya shiga kangon wani sansani, ya zauna shi kaɗai shekara 20, sau biyu a shekara a ke kawo masa gurasa. Da ya fito wajen 305, jama'a suka tarar da shi lafiya lau, hankalinsa a kwance. Almajirai suka taru, ya zama jagoransu. A 311, sa'ad da Rumawa ke tsananta wa masu addininsa, ya tafi Iskandariya ya ƙarfafa waɗanda aka tsare.

Da mutane suka dame shi, sai ya koma gindin wani dutse kusa da Bahar Maliya, inda akwai idon ruwa da 'yan dabinai. A nan ne halinsa ya fi burge mu. Da ya ga masu kawo masa abinci suna wahala da nisan hanya, sai ya nemi fartanya da iri, ya noma abin da zai ci, har da ganye domin baƙi. Yana kuma saƙa kwanduna yana ba masu ziyara. Ya rasu a 356 yana da shekara 105, almajiransa biyu suka binne shi a ɓoye bisa wasiyyarsa. Atanasiyus na Iskandariya ya rubuta tarihinsa, gidan ibadar da aka gina gindin dutsen kuwa har yanzu yana nan.

To, addininmu bai umurce mu da barin aure da zama cikin kogo ba. Amma zuhudu ba baƙo ba ne gare mu, don an ruwaito Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da tufkar igiya ya ke neman abincinsa. Gobe za a rarraba mu makarantun ƙauye, wani Kangire, wani Gwaram, nesa da abokai. Malamin da ya ɗauki kaɗaici azaba, zaman banza zai cinye shi, ya koma jiran kaji da hatsi daga iyayen yara, girmansa ya zube. Wanda kuwa ya raba yininsa tsakanin ibada da karatu da 'yar gonarsa, shi ne zai zauna da mutunci, yara su koyi halinsa tun kafin su iya baƙaƙe. Allah ya sa mu dace, amin.