Tycho Brahe, masanin taurarin da ya fito daga lardin Skane

Tycho Brahe na daga cikin mutanen da suka aza harsashin ilmin taurari na zamani, kuma shi ne babban masani na ƙarshe a nahiyar Turai da ya auna sararin samaniya da tsurar idanu, kafin a ƙirƙiro madubin hangen nesa. An haife shi ɗan ƙasar Danmak, amma mahaifarsa a yau tana cikin ƙasar Suwidin.

An haifi Tycho ne a ranar 14 ga watan Disamba na shekarar 1546 a gidan sarautar Knutstorp da ke lardin Skane, wato kudancin Suwidin ta yanzu. A wancan zamani Skane na cikin yankunan Danmak mafi albarka, saboda ƙasar noma mai kyau da kuma kasuwar kifin da ta daɗe tana jawo fatake daga Jamus. A garin Lund na lardin ne ma aka kafa kujerar babban limamin Kirista na ƙasashen arewacin Turai tun farkon ƙarni na 12. Dangin Tycho manyan masu sarauta ne, kuma ya taso ne a hannun baffansa Jorgen, wanda Allah bai ba shi haihuwa ba.

Burin dangi shi ne ya karanta shari'a ya zama bafaden sarki. To sai dai husufin ranar da aka yi a shekarar 1560, lokacin yana ɗalibi a jami'ar Kopenhagen, ya karkata hankalinsa zuwa sama. A shekarar 1563 ya lura da haɗuwar taurarin Mushtari da Zuhal, inda ya gano cewa tsohon jadawalin da aka tsara a birnin Toledo bisa ayyukan malaman Andalus ya kuskure lokacin da kimanin wata guda, sabon jadawalin da aka gina kan lissafin Copernicus kuwa ya kuskure da 'yan kwanaki. Daga nan ya ƙudurta cewa babu gyara sai an sake auna taurari dare bayan dare, shekara bayan shekara, da kayan awo masu inganci.

Tycho mutum ne mai zafin rai. A shekarar 1566 a garin Rostock na Jamus, ya yi faɗan takobi da wani ɗan uwansa, aka sare masa wani sashe na hanci, lamarin da ya sa ya ƙarasa rayuwarsa da hancin ƙarfe. Daga baya kuma ya auri wata 'yar talakawa mai suna Kirsten, abin da bai yi wa danginsa daɗi ba.

A daren 11 ga watan Nuwamba na shekarar 1572, yana zaune a Herrevad cikin lardin na Skane, ya hango wani sabon tauraro mai tsananin haske a inda babu komai a da. A lokacin malaman Turai na bin ra'ayin Aristo, masanin falsafar nan na Girka, cewa duk abin da ke gaba da wata ba ya sauyawa. Awon da Tycho ya yi ya nuna tauraron ba ya gusawa daga matsayinsa a tsakanin sauran taurari, wato ke nan ya fi wata nisa ƙwarai. Littafin da ya wallafa a kan haka a shekarar 1573 shi ya ɗaukaka sunansa a Turai.

Domin kada ya yi ƙaura zuwa wata ƙasa, Sarki Frederik na biyu ya ba shi tsibirin Ven a shekarar 1576. Wannan ɗan ƙaramin tsibiri yana mashigin ruwan Oresund, tsakanin gaɓar Skane da tsibirin da birnin Kopenhagen yake. A nan Tycho ya gina cibiyar binciken taurari ta Uraniborg, sannan ya ƙara wata mai suna Stjerneborg wadda ya nutsar da ɗakunanta cikin ƙasa don kada iska ta girgiza kayan awo. Ya kafa maɗaba'a da masana'antar takarda, ya tara almajirai daga ƙasashe daban-daban. A shekarar 1577 ya tabbatar da cewa tauraro mai wutsiya da ya bayyana shi ma yana can gaba da wata. A daidai wannan lokaci ne Taƙiyyuddin ya kammala tasa cibiyar a birnin Santanbul a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Murad na uku, ya kuma auna wannan tauraro, amma aka rushe cibiyar a shekarar 1580.

Wannan gagarumin aiki dai ya dogara ne kan abubuwa biyu, wato baitulmalin sarki da gumin talakawa. Manoman Ven, waɗanda a da suke ɗaukar kansu masu mallakar gonakinsu, an tilasta musu yi wa Tycho aiki na kwana biyu a kowane mako ba tare da lada ba, kuma sun kai kukansu gaban sarki amma ba su yi nasara ba. Bayan rasuwar Frederik a shekarar 1588 al'amura suka fara sauyawa. Da Christian na huɗu ya hau gadon sarauta sosai a shekarar 1596, sai aka janye wa Tycho wasu filaye da kuɗaɗen shiga, bisa zargin zaluntar talakawa da sakaci da wani ɗakin ibada a Roskilde da aka danƙa masa kula da shi. A shekarar 1597 ya tattara iyalinsa da kayan aikinsa ya bar Danmak, bai kuma sake komawa ba.

Sarkin sarakuna Rudolf na biyu ne ya karɓe shi a birnin Prag a shekarar 1599, inda shekara guda bayan haka wani matashi Bajamushe, Johannes Kepler, ya zama mataimakinsa. Tycho ya rasu a ranar 24 ga watan Oktoba na shekarar 1601 bayan 'yar gajeruwar jinya ta ciwon mafitsara. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa guba aka ba shi, amma binciken da aka yi bayan tono gawarsa a shekarar 2010 ya nuna ba a sami zaibar da za ta kashe mutum a jikinsa ba.

Shi Tycho ya rasu ne yana ganin cewa duniya a tsaye take, rana na kewaya ta, sauran taurari masu tafiya kuma na kewaya rana. Wannan ra'ayi bai ɗore ba, amma alƙalumansa sun ɗore. Da su ne Kepler ya gano cewa duniyoyi na kewaya rana ne a kan hanya mai siffar ƙwai, binciken da ya fara wallafawa a shekarar 1609.

Ba a jima da rasuwarsa ba aka rushe Uraniborg, aka kwashe duwatsunta. Lardin Skane ya koma hannun Suwidin a ƙarƙashin yarjejeniyar Roskilde ta shekarar 1658, tsibirin Ven ya bi baya a shekarar 1660. A yau akwai gidan tarihi na tunawa da shi a tsibirin, wanda baƙi ke isa gare shi ta jirgin ruwa daga garin Landskrona, yayin da kabarinsa ke majami'ar Tyn a tsakiyar birnin Prag.