Sarki Tanimun: yadda ya tsare rabon Damagaram a dukiyar ayari

Jama'ar karkara da 'yan uwanmu mazauna ƙetare, a filin tarihi na wannan mako mun waiwayi Sarkin Damagaram Tanimun ɗan Sulaiman, Allah ya jiƙansa.

Tanimun bai samu sarauta da sauƙi ba. Ya daɗe yana ja-in-ja da ɗan uwansa Ibrahim kafin gadon ya tabbata a hannunsa a farkon shekarun 1850, ya riƙe har rasuwarsa a 1884. A lokacin Damagaram tana kai gaisuwa ga Shehun Barno a Kukawa.

Arzikin wancan zamani ayari ne. Raƙuman Buzaye da fataken Larabawa daga Gadamas da Tarabulus a nan Zango suke sauka, su sauke gishiri da tufafi da bindigogi, su ɗauki fatu da gashin jimina, har da bayi. Tanimun ya gane cewa in ba a tashi tsaye ba, dukiyar za ta ratsa gari ne kawai ta wuce. Sai ya tsare hanyoyi, ya karɓi kuɗin fito, shi ma ya shiga fataucin da kansa. Da abin da ya tara ya zagaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka zuba igwa a nan gida, ana haɗa albarushi. Da ƙarfinsa ya kai, Barno ma sai da ta riƙa yi masa kallon tsoro.

Amma gaskiya ɗaya ce, ba mu ɓoye ta: talakawan ƙauye da waɗanda aka kamo a yaƙi aka sayar, su suka biya mafi tsadar wannan girma. Rabon ya zauna a gari, bai sauko ƙasa sosai ba.

Shekara 15 bayan rasuwarsa, a 1899, Turawan Faransa suka ci Damagaram, ayari kuma ya yi ta raguwa.

Yau man fetur ne ya maye gurbin ayarin. Tun Nuwamban 2011 matatar SORAZ da ke kan hanyar Tanut take tace man Agadem na jihar Diffa, an gina ta don ganga 20,000 a rana. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60 cikin 100, Nijar na da 40. Dokar man fetur kuma ta ware kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen man ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙo shi.

To jama'a, tambayar zamanin Tanimun tana nan: nawa ke zama a gida, kuma a cikinsa nawa ke isa rijiya da asibiti da makarantar ƙauye? In hukumar garinku ta kira taron kasafin kuɗi, ku je ku tambaya.