Tarihi: Mayaƙi ɗan Yakuba, Sarkin Gobir da ya kafa Tsibiri bayan rushewar Alƙalawa

Idan aka ce Sarkin Gobir a yau, sai mai sauraro ya tambaya ko wanne ake nufi. Akwai na Tsibiri a gundumar Gidan Rumji ta jihar Maraɗi a Nijar. Akwai kuma na Sabon Birni da na Isa da na Gwadabawa a jihar Sakkwato ta Najeriya. Kowane gida da hujjarsa ta riƙe wannan suna.

Tushen wannan rabuwa yana komawa ga shekarar 1808, lokacin da dakarun jihadi suka ci birnin Alƙalawa, suka kawo ƙarshen sarautar Gobir kamar yadda aka san ta. Mutumin da ya sake tsayar da wannan sarauta da ƙafafunta, bayan shekaru kusan 30 tana yawo ba mazauni, shi ne Mayaƙi ɗan Yakuba.

Gidan da ya fito

Mayaƙi jikan Sarkin Gobir Babari ne, wanda ya ci Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18, ya gina Alƙalawa a bakin gulbin Rima ya mai da ita fadarsa. Kafin nan ma Gobirawa sun sha sauya mazauni. Daga ƙasar Azbin suka gangaro kudu, suka zauna a wurare irin su Birnin Lalle, kafin su iso ƙasar Zamfara. Saboda haka tun asali sarautarsu ba ta ɗaure da gari guda ba, inda sarki da tamburansa suka sauka nan ne Gobir.

Bayan Babari, 'ya'yansa ne suka yi ta karɓar sarautar ɗaya bayan ɗaya. Ɗan Gudi ya yi, Bawa Jan Gwarzo ya yi, sai Yakuba mahaifin Mayaƙi, wanda ya rasu a fagen yaƙi a Kiyawa, sannan Nafata. Da Nafata ya rasu sai ɗansa Yunfa ya hau, alhali ga 'ya'yan yayyen mahaifinsa nan a raye, kowanne yana ganin shi ma ɗan sarki ne.

A nan ƙa'idar gadon sarautar Gobir take, kuma a nan matsalarta take. Ba a ce lallai sai babban ɗa ne zai gaji uba ba. Duk namijin da ya fito daga tsatson sarauta ta wajen uba yana da damar nema, musamman wanda mahaifinsa ya taɓa zama a kan gado. Masu zaɓe su ne manyan fada da ake kira Tara ta Gobir, cikinsu har da Galadima da Ubandoma da Sarkin Rafi da Sarkin Tudu da Magajin Kukuta. A gefen sarki kuma akwai Inna, mace 'yar gidan sarauta mai kula da al'amuran mata da na bori, wadda ba a raina maganarta a fada.

Amfanin wannan tsari shi ne ba a rasa gwarzon da za a naɗa in ƙasa ta shiga yaƙi. Illarsa kuwa ita ce duk sarkin da ya hau, yana barin 'yan uwa da dama da ke ganin an tsallake su.

Faɗuwar Alƙalawa

A zamanin Yunfa ne saɓani tsakanin fadar Gobir da jama'ar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya kai ga yaƙi. Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto a watan Yunin wannan shekara, inda rundunar Yunfa ta sha kashi. Yaƙi ya ci gaba har watan Oktoban 1808, lokacin da rundunar jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello ta shiga Alƙalawa, aka kashe Yunfa.

A wajen Sakkwato, magana ta ƙare: an ci ƙasar da yaƙi, mulki ya koma hannun Sarkin Musulmi. Amma 'ya'yan sarautar da suka tsira ba su yarda ba. Sun naɗa Salihu, bayansa Gwamki, sannan Ali ɗan Yakuba, ɗan uwan Mayaƙi. Sarakuna ne masu tambura da fadawa amma ba su da birnin kakanninsu.

Ali ya daɗe yana fafatawa. A shekarar 1826 Baturen Ingila Hugh Clapperton ya ga da idonsa yadda rundunar Sarkin Musulmi Bello ta kai hari garin Konya, inda Gobirawa suka yi sansani, ta kuma koma ba ta ci garin ba. Daga baya ƙarfin Ali ya ragu, ya yi sulhu da Bello, ya zauna ƙarƙashin amanarsa.

Wannan sulhu bai yi wa masu ra'ayin yaƙi daɗi ba. Masu ba da tarihi na cewa an aika wa Ali da wuƙaƙen fawa, wato ana yi masa gorin cewa ya zama mahaucin Fulani. Ali ya warware amana, ya haɗa kai da Sarkin Katsina Rauda na Maraɗi, wanda shi ma gidansu ya rasa birninsa a jihadi, da kuma Ibra, wani jagoran Abzinawa.

A shekarar 1836 aka haɗu a Gawakuke. Bello ya yi nasara, aka kashe Ali da Rauda, Ibra ya tsere, Gobirawa da yawa suka halaka. Bayan nan Bello ya ƙarfafa ribaɗoɗi a tsohuwar ƙasar Gobir, ya ajiye ɗansa Fodiyo a Lajinge. Zaɓen Fodiyo ba a banza aka yi shi ba, domin mahaifiyarsa Katambale daga gidan Yunfa aka ɗauko ta bayan faɗuwar Alƙalawa. Ke nan an ba Gobirawan da suka miƙa wuya shugaba mai alaƙa da tsohuwar fadarsu, ko da yake a al'adar Gobir ta wajen uba ake gadon sarauta.

Kafa Tsibiri

Ragowar Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun nufi gabas, suka fake a Maraɗi wurin Ɗan Mari, wanda ya gaji Rauda. Ko a wannan hali na gudun hijira neman sarauta bai tsaya ba. Baciri ya riƙe ta na ɗan lokaci kaɗan, kafin ta dawo hannun Mayaƙi, wanda ya samu goyon bayan Ɗan Mari.

Abin da Mayaƙi ya fara fahimta shi ne sarki biyu ba sa zama a gari ɗaya. In ya ci gaba da zama a Maraɗi, zai ƙare a matsayin baƙon Sarkin Katsina, Gobirawa kuma su narke cikin Katsinawa. Da taimakon Ɗan Mari ya samu wuri a kwarin Gulbin Maraɗi, arewa maso yamma da birnin, tazarar da ba ta kai kilomita 15 ba, ya kafa garin da aka sa wa suna Tsibiri. Turawan Faransa ne daga baya suka riƙa rubuta shi Tibiri.

Wurin ya dace da mutanen da ke gudun mahaya. Kwarin a wancan zamani kurmi ne mai duhu, ga ruwa ga ƙasar noma, dawakin abokan gaba ba sa sakewa a cikinsa. Kusancinsa da Maraɗi kuma ya sa duk wanda ya taɓa ɗaya sai ya haɗu da ɗayan. Mazauna kwarin na asali, manoma da maharba masu bin addinin gargajiya, sun zama talakawan sabuwar fada, suna ba ta hatsi da 'yan baka.

A Tsibiri Mayaƙi ya mai da tsarin Alƙalawa yadda yake. Aka cike gurbin Tara, aka naɗa Inna, aka raba wa 'ya'yan sarki muƙamai. Bai kira kansa Sarkin Tsibiri ba, Sarkin Gobir ya ci gaba da amsawa, kamar yadda maƙwabcinsa na Maraɗi ke amsa Sarkin Katsina. Wannan suna shi ne da'awarsu: ƙasar da aka ƙwace tasu ce, kuma suna nan tafe.

Shekaru 20 a kan doki

Sarkin Musulmi Bello ya rasu a Wurno a 1837, ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Atiku ya ga cewa in aka bar sabon garin ya yi ƙarfi, aikin Gawakuke ya tashi a banza. Ya ɗauki runduna ya nufi Tsibiri. A wannan yaƙi ya samu rauni, ya rasu a Katuru a kan hanyar komawa gida a shekarar 1842. Tsibiri kuwa ta tsaya.

Wannan ne ya ɗaga sunan Mayaƙi. Gobirawan da ke warwatse suka ga akwai wurin komawa, masu shakkar cancantarsa cikin 'yan uwa suka yi shiru. A zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, daga 1842 zuwa 1859, mahayan Tsibiri da na Maraɗi suka riƙa kai hare-hare cikin kwarin Rima da ƙasar Zamfara, Sakkwato ita ma tana ramawa kusan kowace rani.

Matafiyan Turai sun shaida wannan hali. A 1851 Bajamushe Adolf Overweg ya rabu da abokin tafiyarsa Heinrich Barth a Tasawa, ya ziyarci Gobir da Maraɗi. Shi kuma Barth, da zai je wurin Aliyu Babba a 1853, sai da ayarinsu ya kwana ya yini yana tafiya ba hutawa a dajin Gundumi, don tsoron kada Gobirawa su tare su. Wannan daji yana kan hanyar Katsina zuwa Sakkwato ne, a tsakiyar daular, abin da ke nuna nisan da hannun Mayaƙi ya kai.

Sai dai yaƙin ba ado ba ne. Talakawan ɓangarorin biyu ne suka biya kuɗinsa: an ƙone ƙauyuka, an kwashe dabbobi, an kama mutane an sayar da su bayi, gonaki da dama sun koma daji. Kuma duk da wannan wahala, Mayaƙi bai koma Alƙalawa ba. Sakkwato ta kasa rushe Tsibiri, shi ma ya kasa ƙwato ƙasar kakanninsa. Ya rasu a ƙarshen shekarun 1850, bayan ya yi sama da shekara 20 yana sarauta.

Abin da ya biyo baya

Bayan rasuwarsa sarauta ta bar gidan Yakuba ta koma hannun Bawa ɗan Gwamki, wanda shi ma mahaifinsa ya yi sarauta a zamanin gudun hijira. Bisa ƙa'ida babu laifi a wannan naɗi. Amma ƙa'idar da ta ba Mayaƙi dama ita ce ta buɗe ƙofar rabuwa. Wani ɗan sarauta, Ɗan Halima, ya ɓalle da mutanensa, ya daidaita da Sakkwato, ya kafa Sabon Birni kusa da kufan Alƙalawa. Daga nan aka samu Sarkin Gobir biyu daga tsatso ɗaya, ɗaya ya koma ƙasar gado ta hanyar sulhu, ɗaya ya riƙe 'yancinsa a Tsibiri. Sarautun Gobir na Isa da Gwadabawa kuwa na zuriyar Shehu ne, sun samo sunan daga mulkin ƙasar da aka ci.

Zuwan Turawa ne ya daskarar da rigimar inda take. Ingila ta ci Sakkwato a 1903, sannan yarjejeniyoyin da ta ƙulla da Faransa a 1904 da 1906 suka ja iyakar da ta bar Tsibiri da Maraɗi a hannun Faransa, Alƙalawa da Sabon Birni a hannun Ingila. Tun daga lokacin babu wani Sarkin Gobir da zai iya ɗaukar runduna ya ce zai haɗe ƙasar. A shekarar 2010 gwamnatin Nijar ta ɗaga sarautar Tsibiri zuwa matsayin sultan, tare da ta Maraɗi da ta Dosso.

Har gobe, in gadon sarauta ya faɗi a wannan yanki, daga Gidan Rumji zuwa Agye da Gazawa, tambayoyin da aka yi a zamanin Mayaƙi su ake maimaitawa: wane ne ɗan gida ta wajen uba, kakan wa ya taɓa yin sarauta, wane ɗaki aka daɗe ana tsallakewa, su wa ke da ikon zaɓe. Bambancin shi ne yanzu 'yan takara takardun asali suke kai wa hukuma, kuma sai gwamnati ta sa hannu naɗi yake tabbata.

Alƙalawa dai kufai ce a yau a ƙaramar hukumar Sabon Birni, inda Gobirawa daga ƙasashen biyu kan je ziyarar kaburburan sarakunansu. Fadar da Mayaƙi ya kafa a Tsibiri kuwa tana nan da sarkinta da Innarta, shekara kusan 190 bayan Gawakuke.