Charlotte Bronte: Malamar Da Ta Ɓuya Bayan Sunan Namiji

'Yan'uwana mata, musamman ku 'yan makaranta masu karanta littafin Jane Eyre, yau ga labarin wadda ta rubuta shi.

An haifi Charlotte Bronte a shekarar 1816 a lardin Yorkshire na Ingila. Mahaifinta limamin coci ne a ƙauyen Haworth, ba shi da wata dukiya. Tana shekara 5 mahaifiyarta ta rasu ta bar 'ya'ya shida. A 1824 aka kai ta makarantar kwana ta 'ya'yan limamai tare da 'yan'uwanta. Abinci ba kirki, ga sanyi, ga horo mai tsanani. Yayyenta biyu, Maria da Elizabeth, suka kamu da tarin fuka, aka mai da su gida suka rasu a 1825. Idan kun karanta wahalar da Jane ta sha a makarantar Lowood, to, daga nan aka samo ta.

A zamanin nan yarinya mai ilmi wadda ba ta da gado, in ba aure ba, sai koyarwa. Charlotte ta koyar a makaranta, ta kuma yi aikin malamar gida, watau ta zauna a gidan masu kuɗi tana koya wa 'ya'yansu karatu. Aiki ne marar daɗi: ke ba 'yar gida ba, ke kuma ba baranya ba. Duk da haka da aka nemi aurenta a 1839 ta ƙi, don ba ta son mutumin. Ku tuna kuwa dokar Ingila ta lokacin, mace in ta yi aure, abin da ta mallaka ya koma hannun miji.

Ta aika wa babban mawaƙin ƙasar, Robert Southey, waƙoƙinta. Ya amsa a 1837 yana nuna mata rubutu ba sana'ar mace ba ce. Ba ta bari ba. Da ita da ƙannenta Emily da Anne suka ɗauki sunaye masu kama da na maza, ita ta zama Currer Bell. Littafin waƙoƙinsu na 1846 kwafi biyu kacal aka saya. Sai ga Jane Eyre a 1847, nan da nan ya karɓu ko'ina.

Kada ku ɗauki littafin labarin soyayya kawai. Jane marainiya ce, talaka, ba kyakkyawa ba, amma ita ke ba da labarinta da bakinta. Ranar ɗaurin aurenta da Rochester ta ji ashe yana da mata, Bertha, wadda ya kulle a saman bene don taɓin hankali. Dokarsu ba ta yarda da mata biyu ba, sai ya roƙe ta su zauna ba aure. Tana son sa, amma ta fice cikin dare, ta kwana da yunwa. Ba ta komo ba sai da Bertha ta mutu, ita kuma ta gāji dukiyar kanta. A ganina nan ne ƙarfin littafin yake.

Sai dai masana na baya sun tambaya, ita Bertha fa, 'yar Jamaika, wa ya saurare ta? A 1966 Jean Rhys ta rubuta Wide Sargasso Sea don ba ta baki, a 1979 kuma Sandra Gilbert da Susan Gubar suka bayyana ta a matsayin fushin da Jane ke dannewa.

Suna bai kawo wa Charlotte hutu ba. Cikin wata takwas, daga 1848 zuwa 1849, ta rasa ƙaninta Branwell, da Emily, da Anne. A 1854 ta auri Arthur Nicholls, mataimakin mahaifinta, bayan tsohon ya daɗe yana ƙi. Wata tara da biki ta rasu, ranar 31 ga Maris 1855, tana da ciki. Likitocin yau suna zaton amai mai tsanani na laulayi ne ya kashe ta. Shekarunta 38.