Nana Asma'u 'Yar Shehu, Uwar 'Yan Taru

Da Sakataren ƙungiyarmu ya nemi in rubuta tarihin wani babban mutum domin mujallar bana, sai na ce a raina ai maza sun daɗe suna cin wannan fili. Malaminmu na tarihi, Allah ya ƙara masa lafiya, zai tuna ya ba mu labarin Nana Asma'u a aji uku, amma mu a lokacin shekarar haihuwa da ta rasuwa kawai muka haddace saboda jarrabawa. Sai da na kama aikin gwamnati, aka riƙa tura ni rabon kayan tallafi a Yankara da ƙauyukan Faskari da Sabuwa, sannan na koma na nemi labarinta da kaina.

An haife ta a Degel a 1793, tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Maimakon Usaina, sai mahaifinta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya raɗa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Daga nan har faɗuwar Alkalawa a 1808 jama'ar Shehu ba su zauna wuri ɗaya ba, ga yunwa ga yaƙi. Ashe ita ma 'yar gudun hijira ce tun tana ƙarama, kamar yaran da muke gani yau sun baro gidajensu saboda 'yan bindiga. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ta kuma yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Yaƙi ya bar mata da yawa a karkara, waɗansu zawarawa, waɗansu kamammu da aka kawo daga garuruwan da aka ci, ba karatu, ba mai kula da su, bori ne kawai abin da suka sani na neman sauƙi. Asma'u ba ta iya bin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, ga shi kuma matan aure ba su iya barin ɗakunansu su zo Sakkwato. A wajen shekarun 1830 sai ta fito da dabarar da ake kira 'Yan Taru.

A kowane ƙauye takan zaɓi dattijuwa wadda mutanen wurin suka yarda da halinta, ta naɗa ta jaji, wato sunan da fatake ke kiran mai ja musu gaba a tafiya. Takan ba ta malfa da jan rawani. Wannan malfa tana da magana, domin irinta Innar Gobir, shugabar 'yan bori, take sawa. Asma'u ba ta ƙona malfar ba, ba ta zagi masu girmama ta ba, ta dai ɗora ta a kan malama. Jaji kan tattaro 'yan mata da ba su yi aure ba da tsofaffin da suka gama haihuwa, su tako da ƙafa har gidan Asma'u, su ɗauki karatu a waƙe cikin harshensu don ya zauna a ka, irin su Sunago mai jera sunayen surorin Alƙur'ani, da Godaben Gaskiya. In sun koma sai su shiga gida gida su koya wa matan aure. Ba alwala da salla kaɗai ba, har da jinyar marar lafiya, da wankan gawar mace, da sharar masallaci, da sasanta maƙwabta.

Wani abin da ya fi ba ni mamaki, matan nan ba hannu biyu suke zuwa ba. Sukan riƙo hatsi ko zuma ko man shanu a matsayin sadaka, ita kuwa ta raba wa waɗanda suka fi su buƙata. Wato talakar ƙauye ita ce mai bayarwa. Kuma matar da ta yi wa Sarkin Musulmi Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ita ce ta zauna ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta, tata marsiyyar.

Bari in faɗi laifina a gaban malamaina. Wata shekara muka kai buhunan hatsi wani gari kusa da Yankara, da takardar sunaye da aka rubuta a ofis. Ni ke riƙe da rajista. Muka jera mata a rana muna jiran mai ɗaukar hoto. Wata da 'yan bindiga suka kashe mijinta ta gyara goyonta ta fita daga layi, ba ta karɓi kome ba. Da yamma wata tsohuwa mai koyar da yara allo a zaurenta ta lissafa mini gidajen da ba a hura wuta ba ranar nan, kusan duk ba su cikin takardata. Ba wanda ya tambaye ta kafin mu zo.

Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru, kuma Jean Boyd, wadda ta wallafa tarihinta a 1989, ta tarar da masu wannan aiki a ƙauyukan Sakkwato fiye da shekara ɗari bayan rasuwarta. Allah ya jiƙanta da rahama, amin.

'Yan'uwa, a taronmu mai zuwa za a tattauna kuɗin da muka tara domin zawarawa da marayun yankinmu. Tsohuwar nan tana nan da ranta. Na yi niyya, in Allah ya yarda, in je in gaishe ta kafin ranar taron, in zo muku da lissafinta.